Tarihin Koyar da Aikatau na Harsunan Ƙetare a Maiduguri da Batun Shigar da Sifaniyanci a Manhajar Sakandare

1.0 Gabatarwa

Lokaci zuwa lokaci akan ta da maganar ƙara wani harshen ƙetare a makarantun sakandaren Nijeriya bayan Faransanci da Larabci, kuma Sifaniyanci na cikin waɗanda akan ambata. Masu wannan ra'ayi ba su rasa hujja ba. Harshe ne da kusan mutum miliyan 500 suka buɗi baki da shi, harshen hukuma ne a ƙasashe 20, yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya, sannan maƙwabciyarmu ta teku, Ikwatoriyal Gini, da shi take gudanar da mulki. Sai dai duk wanda ya taɓa zama don tsara manhajar wani harshe ya san inda gizo ke saƙa. A kan aikatau ne akasarin darussa ke ƙarewa, a kansa ne kuma akasarin ɗalibai ke sarewa.

Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka koyar da aikatau na baƙon harshe a Borno, daga zauren malamai zuwa ajin sakandare na Maiduguri. Mun zaɓi Maiduguri ne saboda gari ne da yaro kan tashi da harshe biyu ko uku kafin ya ga allon makaranta, kuma jihar da yake shugabanta tana iyaka da Nijar da Chadi da Kamaru. Ra'ayinmu shi ne, hanyoyi biyu da muka gada sun ƙware wajen koyar da siffar aikatau, amma hanyar boko ta bar harsunan ɗalibi a bakin ƙofar aji, alhali a cikinsu ne mabuɗin mafi wuyar sassan Sifaniyanci yake.

2.0 Fi'ili a zauren malam

Shekaru aru-aru kafin a kafa Yerwa a 1907, malaman Kanem da Borno suna koyar da fi'ilin Larabci. Musulunci ya shiga gidan sarautar Kanem a ƙarshen ƙarni na 11, kuma ba a jima ba ƙasar ta fitar da masanin nahawu da duniyar Larabci ta san da shi, wato Abu Ishaƙ Ibrahim al-Kanemi, wanda ya zauna a Marrakesh, ya ƙarasa rayuwarsa a Andalus wajen 1212. A wannan zamanin ne kuma aka haifi Ibnu Malik a garin Jayyan na Andalus, wanda a yau ake kira Jaén a ƙasar Sifen. Ya rasu a Dimashƙa a 1274, ya bar Alfiyya a kan nahawu da Lamiyyatul Af'al a kan sarrafa fi'ili, littattafan da har gobe ake karantawa a zaurukan Maiduguri tare da Ajurrumiyya ta Ibnu Ajurrum, wanda ya rasu a Fas a 1323. Ke nan ɗalibin ilimi na Borno ya daɗe yana shan sarfu daga hannun mutumin Sifen, ko da bai sani ba. A ɓangaren Sakkwato ma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya waƙe ilimin sarfu a littafinsa Hisnur Rasin.

Tsarin koyarwar sananne ne. Akan ɗauki saiwa mai baƙi uku, a aza ta a kan ma'auni, a juya ta cikin sigogi 14, ana farawa da wanda ake magana a kansa, sai wanda ake yi wa magana, a ƙare da mai magana. Ɗalibi zai haddace wannan jeri a madi, ya haddace shi a mudari'i, har harshensa ya saba. Wannan tsari ya dace da Larabci, domin siffofin lokaci a fi'ilinsa kaɗan ne, wahalarsa tana cikin babi-babi da fi'ilan da ke da baƙi mai rauni. Ya kuma dace da manufar karatun, wadda ita ce fahimtar nassi.

Akwai wani abu da akan manta idan ana sukar wannan hanya da cewa hadda ce tsagwaronta. Malamin zaure bai taɓa raba Larabci da harshen ɗalibinsa ba. A Borno akwai Tarjumo, wato tsohon Kanembu da malamai ke fassara Alƙur'ani da shi, inda kowace kalmar Larabci akan bi ta da takwararta. Tsofaffin kwafin Alƙur'ani da A.D.H. Bivar ya gani a ƙarshen shekarun 1950, waɗanda ɗaya daga cikinsu ke ɗauke da shekarar da ta yi daidai da 1669, suna da irin wannan fassara a tsakanin layuka. A zauren da ake karatu da Hausa ma haka abin yake: malam zai karanta fi'ili, ya ba da ma'anarsa nan take, ɗalibi ya ji bambancin “ya rubuta” da “yana rubutawa” a harshen da ya tsotsa. Hadda tana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da kwatanci.

3.0 Jadawalin da ya zo daga Turai

Hanya ta biyu ita ma tana da jijiya a Sifen. A 1492, shekarar da Garnaɗa ta faɗi, Antonio de Nebrija ya buga nahawun harshen Kastiliya a Salamanka, kuma kashi na biyar na littafin ya ware shi ne domin baƙi masu son koyon harshen. Nebrija malamin Latin ne, don haka da ma'aunin Latin ya auna harshensa: sigogi shida a kowane lokaci, ana farawa da mai magana, lokutan kuma a jere ɗaya bayan ɗaya. Wannan jadawali ne ya mamaye ajin harsuna a Turai, ya kai ƙololuwarsa a ƙarni na 19 cikin hanyar nahawu da fassara. Masu neman gyara, irin su Wilhelm Viëtor a 1882, sun yi kira da a fara da magana da furuci, daga baya kuma hanyar sadarwa ta shekarun 1970 ta zo ta rage wa jadawali matsayi. Amma bai bar allo ba.

Da wannan ma'auni ne Turawa suka fara auna harsunanmu. Koelle ya wallafa nahawun Kanuri a 1854 bisa abin da ya ji daga Ali Eisami, mutumin Borno da ya sadu da shi a Saliyo, Schön kuma ya wallafa na Hausa a 1862. Nazarin ya ci gaba da gyaruwa ta hannun Lukas (1937) da Hutchison (1981) a Kanuri, da Parsons (1960) wanda ya fito da giredin aikatau, da Galadanci (1976), da Newman (2000) da Jaggar (2001) a Hausa. Masana sun daɗe da fahimtar cewa abin da Hausa ke nunawa a lamirin da ke gaban aikatau ya fi karkata ga yanayin aiki, wato ko ya kammala ko bai kammala ba, fiye da lokacin da aka yi shi. Amma sunayen da suka zauna a littattafan makaranta sun ci gaba da cewa “shuɗaɗɗen lokaci” da “lokaci mai ci” da “umarni”. Za mu dawo kan wannan, domin illarsa ba ta tsaya a darasin Hausa ba.

4.0 Faransanci a Maiduguri: doka a takarda, jadawali a allo

Makarantar Lardin Borno da ke Maiduguri, wadda Sir Kashim Ibrahim ya yi a farkon shekarun 1920, Ingilishi ne baƙon harshenta. Faransanci ya samu gindin zama ne bayan mulkin kai, musamman bayan taron Yawunde na 1961 da ya ba da shawarar ƙasashe masu Ingilishi su koyar da Faransanci, masu Faransanci kuma su koyar da Ingilishi. Taron manhaja na ƙasa na 1969 ya share fagen Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, aka fara aiki da tsarin 6-3-3-4 a 1982. Jami'ar Maiduguri, da aka kafa a 1975, ta buɗe sashen harsuna da kimiyyar harshe, inda Farfesa C.M.B. Brann ya yi shekaru yana nazarin yadda harsuna ke cuɗanya a garin. Gwamnatin Tarayya ta kafa Ƙauyen Faransanci a Badagry a 1991 da Ƙauyen Larabci a Ngala ta Borno a 1992, domin ɗaliban jami'a su yi shekarar nitso cikin harshe a gida maimakon fita waje. A ƙarshen 1996 Janar Sani Abacha ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu, bugun 1998 na Manufar Ilimi ya wajabta shi a makarantu, na 2004 kuma ya bar wajabcin a firamare da ƙaramar sakandare, ya mai da shi na zaɓi a babbar sakandare.

Wajabtawa a takarda abu ne mai sauƙi. Ba a horar da malamai gwargwadon ajujuwan da dokar ta shafa ba, kuma inda aka samu malami, sau da yawa shi kaɗai ne ke zagaya makaranta gaba ɗaya. Malamin da ke da aji cike maƙil da minti 40 a hannunsa, ba littafi a gaban yara, me zai yi in ba ya koma ga abin da ya fi sauƙin rubutawa a allo da sauƙin dubawa a jarrabawa ba? Mun taɓa zama a bayan wani aji na ƙaramar sakandare a cikin garin Maiduguri muna sauraron yara suna rera “je parle, tu parles, il parle” da murya ɗaya, gwanin daɗi. Da aka tashi, muka tambayi wata yarinya yadda za ta ce jiya tana magana sai malam ya shigo. Ta iya jera sigogin lokutan biyu da jimlar ke bukata, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, amma ba ta san wanne za ta sa a ina ba. Laifin ba nata ba ne, ba kuma na malaminta ba. Manhaja ta jera mata lokuta bisa siffarsu, kuma an hana ta tunani da Hausa a cikin aji da sunan hanyar zamani.

Abin takaicin shi ne, a kasuwar Monday da tashar motocin Gamboru akwai direbobi da fatake da ke ciniki da Faransancin Kamaru da Larabcin Chadi ba tare da sun ga jadawali ba. Rikicin da ya sa aka rufe makarantun gwamnati a Borno a 2014, ya kuma tilasta wa Ƙauyen Larabci barin Ngala zuwa Maiduguri, ya ƙara raunana ɗan abin da ake da shi. Duk wanda zai kawo harshe na uku, a kan wannan ƙasa zai yi gini.

5.0 Aikatau na Sifaniyanci a kunnen ɗan Maiduguri

Aikatau na Sifaniyanci ya kasu rukuni uku bisa ƙarshensa: -ar, -er da -ir. Kowane lokaci yana da sigogi shida. Idan muka ɗauki lokuta bakwai marasa mataimaki da aka saba koyarwa, aikatau guda yana da sigogi 42, ban da umarni da lokutan da ake haɗawa da mataimakin haber. Wannan adadi ne ke tsorata mai tsara manhaja, har ya sa ya cika shekara biyu da jadawali. A ganinmu tsoron ya wuce kima. Yaron da ya juya fi'ili cikin sigogi 14 a Islamiyya ba zai ji nauyin shida ba. Wanda ya tashi da Kanuri kuwa ya riga ya san aikatau mai ɗauke da mai aiki a ƙeyarsa, domin yana cewa lengin, lenəmin, lejin, kamar yadda Basifaniye ke cewa hablo, hablas, habla ba tare da bukatar wakilin suna ba. Bahaushe ne zai ɗan sha mamaki, tunda aikatau nasa ba ya canzawa don mai aiki, kuma zai nemi bambancin “ka” da “ki” ya rasa. Ko shi ma yana da tasa riba. Bambancin hablo, wato ina magana, da habló, wato ya yi magana, a nauyin gaɓa kawai yake, kuma kunnen da ya saba rarrabe kalmomi ta karin sauti da tsawon wasali ba zai kasa kama shi ba. Bugu da ƙari, kowane ɗafa-ƙeya na Sifaniyanci ana jin sa a baki, saɓanin Faransanci inda parle da parles da parlent duk furucinsu ɗaya ne.

Ainihin wahalar tana wurare biyu, kuma malaman Sifaniyanci a ƙasashe masu Ingilishi sun daɗe suna kuka da su. Na farko shi ne zaɓi tsakanin shuɗaɗɗun lokuta biyu, pretérito indefinido da imperfecto. Dubi waɗannan misalai:

(1) Muna cin abinci sai ya shigo.
Comíamos cuando entró.

(2) Suka tashi, suka buɗe ƙofa, suka fita.
Se levantaron, abrieron la puerta y salieron.

(3) A da mukan je Baga kowace shekara.
Antes íbamos a Baga cada año.

A (1) aikin da ke gudana ya ɗauki “muna” a Hausa da imperfecto a Sifaniyanci, wanda ya katse shi kuma ya ɗauki kammalallen yanayi a harsunan biyu. A (2) jerin “suka” na mai ba da labari ya yi daidai da indefinido. A (3) sabo ne, wanda Hausa ta ware masa “mukan”, Sifaniyanci kuma ya haɗe shi da imperfecto. Mai Larabci zai ƙara da cewa kana yaktubu ita ce escribía. Wato duk yaron da ya iya ba da tatsuniya da Hausa yana yin wannan zaɓi a kowace jimla. To amma a darasin Hausa an gaya masa “muna” lokaci mai ci ne, saboda haka zai ɗauka takwararsa a Sifaniyanci shi ne presente, ya rubuta comemos inda ake bukatar comíamos. Sunan da muka ara daga nahawun Turai shi ne ya rufe masa ido daga ganin abin da ke bakinsa.

Wuri na biyu shi ne subjuntivo, wanda tsarin Turai na matakan koyon harshe na 2001 da manhajar Cibiyar Cervantes ta 2006 suka sa aka saba jinkirta shi zuwa mataki na uku, wato B1. Ga mai Ingilishi wannan jinkiri yana da dalili, domin harshensa ya kusa rasa irin wannan siffa. Ga Bahaushe fa?

(4) Ina so ka zo. Quiero que vengas.
(5) Kada ka zo. No vengas.
(6) Kafin ya zo. Antes de que venga.
(7) Domin ya gani. Para que vea.

A duk huɗun, inda Hausa ta sa siffar da littattafanmu ke kira umarni, Sifaniyanci ya sa subjuntivo. A nan ma sunan ya yi ɓarna, domin a (4) da (6) da (7) babu wanda ake umarta. Har kalmar fata ta ojalá, wadda ke jawo subjuntivo a bayanta, asalinta Larabcin Andalus ne mai ma'anar in Allah ya so, kuma tana aiki kamar “Allah ya sa” tamu. Irin wannan dangantaka ta kalmomi tana da yawa, alal misali alcalde da alƙali, ko aceituna da zaitun, sai dai wannan wani fage ne daban.

Ba mu ce harsunan biyu sun yi daidai ta kowace fuska ba, kuma manhajar da ta ɓoye saɓaninsu za ta haifar da nata kurakuran. Bahaushe yakan ce “ina so in zo”, amma idan mai so da mai zuwa mutum ɗaya ne, Sifaniyanci quiero venir yake cewa, ba ya juya aikatau na biyu. “Idan ya zo za mu tafi” tana da kammalallen yanayi a Hausa, alhali cuando venga ake cewa. “Na sani” da “na gane” kammalallu ne a siffa, amma takwarorinsu sé da entiendo suna cikin presente. Haka kuma rabon ser da estar ya yi kama da rabon “malami ne” da “yana Maiduguri”, amma kamar ta tsaya a rabin hanya, tunda “na gaji” estoy cansado ce. Waɗannan wurare ƙididdigaggu ne, ana iya tattara su a shafi biyu na jagoran malami, kuma su ne suka cancanci yawan atisaye.

6.0 Jeri da malamai

Idan har za a gwada Sifaniyanci a wasu makarantun Maiduguri, tarihin nan yana nuna cewa bai kamata a kwafo jerin darussa daga littafin da aka rubuta wa yaron London ko Paris ba. Muna ba da shawarar a haɗa shuɗaɗɗun lokuta biyu a zango ɗaya ta hanyar gajeren labari, a bar ɗalibi ya fara faɗinsa da Hausa ko Kanuri ko Larabcin Shuwa, maimakon a raba su zango-zango kamar ba su da alaƙa. Jimlolin so da hani da manufa kuma za su iya shigowa tun shekarar farko da aikatau kaɗan masu yawan amfani. Jadawali yana nan da amfaninsa, kuma ba mu ga dalilin raina haddar da ɗalibanmu suka ƙware a kai ba, amma ya zo bayan ɗalibi ya ji sigar a cikin jimla. Akwai kuma ƙaramar shawara da sai an yanke tun farko: ko a koyar da sigar vosotros, wadda Sifen da Ikwatoriyal Gini ke amfani da ita amma ƙasashen Latin Amurka suka ajiye. Mu dai mun fi karkata ga a koyar da ita don ganewa, a bar tilasta amfani da ita.

Wannan yana bukatar gyara a darasin Hausa kansa. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya shirya, wanda ya fito a 1990 da tallafin hukumar NERDC, ya yi aiki mai girma wajen daidaita istilahi, amma lokaci ya yi da kwamitin manhajar Hausa zai zauna da na harsunan ƙetare a sake duba sunayen lokuta, ko aƙalla a ƙara wa kowane suna bayanin aikinsa na gaskiya.

Saura batun malami, wanda a kansa Faransanci ya yi tuntuɓe bayan 1998. A nan Borno tana da abin da Legas ba ta da shi. A sashen Kamaru mai amfani da Faransanci, Sifaniyanci yana cikin harsunan da ɗalibi ke zaɓa tun daga aji na uku na sakandare, kuma babbar makarantar horar da malamai ta Jami'ar Marwa, da aka kafa a 2008, tana yaye malamansa. Da yawa daga cikin mutanen wannan yanki suna jin Fulfulde ko Kanuri ko Larabcin Shuwa ko Hausa, wato harsunan da ɗalibanmu ke shigowa aji da su. Yarjejeniyar musayar malamai tsakanin Jami'ar Maiduguri da ta Marwa, da rukunin farko na malamai da aka horar a kan kwatanta aikatau, su ya kamata su riga duk wata takardar umarni isa makarantu, kuma gwajin ya fara da makarantu biyu ko uku na tsawon shekara uku kafin a yi maganar jarrabawar ƙasa.